Shugabancin ƙungiya a Clash of Clans ya fara fin ƙarfina, ina neman shawara

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu riƙe da ƙungiya a gem, musamman Clash of Clans, ku zo ku ba ni shawara, abin nan ya fara damuna sosai.

Ni ke lida a ƙungiyarmu yau shekara biyu da 'yan watanni. Ba ni na kafa ta ba, wanda ya kafa ta ya samu aiki ya koma Kaduna ya ce ba shi da lokaci, ya miƙa mani. Yanzu mu 41 ne, kun san iyakarta mutum 50, mafi yawanmu 'yan cikin garin Katsina ne, akwai 'yan Ƙofar Ƙaura da Sabuwar Unguwa, da ɗaliban jami'ar Umaru Musa da na poli, sai mutum uku a Daura biyu a Maraɗi. Da yawa mun san juna ido da ido, wasu ma majalisarmu ɗaya, kuma a nan matsalar take.

Lig ɗin watan nan da muka ida, wato gasar yaƙi ta ƙungiyoyi takwas da ake yi duk wata, mu ne na 7 cikin 8, aka sauko da mu mataki. Ba wai an fi ƙarfinmu ba ne wallahi, hari ne ba a kai ba. Mutum 15 muke sawa kullum, kwana 7, hari 105 kenan gaba ɗaya, mun bar 11 ba a taɓa ba. Kuma kun san lig ba kamar yaƙin yau da kullum ba ne da kowa ke da hari biyu, ɗaya tak ne, in ka bari ya wuce ba mai rama maka. Daga cikin 11 ɗin nan mutum ɗaya ke da 3, kuma taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tare muka tashi gida ɗaya. TH15 gare shi, wato Town Hall ɗin gidanshi na cikin gem ya kai mataki na 15, gidanshi na cikin masu ƙarfi a wurinmu shi ya sa nake ta sa shi. Duk sanda na tambaye shi sai ya ce ba wuta unguwarsu waya ta mutu, to ranar ta uku kuma mutane sun ga ya ɗora sitatus a WhatsApp saura awa biyu yaƙi ya ƙare.

Wata biyu da suka wuce na cire wani yaro ɗan Funtua saboda ya bar hari biyu. Yanzu ko-lida ɗina biyu, wato mataimakana, sun ce ko in cire taubashina kamar yadda na cire wancan ko su tafi, har ɗaya ya rubuta a guruf cewa doka ta bare ce kawai. Maganar ta yi mani zafi don na san akwai gaskiya a ciki. In na cire shi kuma gobe zan gan shi wurin biki ko gaisuwa, kuma na san halinshi, zai kai maganar har gida.

Abu na biyu waya. Ni kaina a ranar ta biyar wayata ta yi zafi ta tsaya cak ina tsakar hari, kafin ta dawo minti ukun sun ƙare, tauraro ɗaya cikin uku na samu a gida na 2 na abokan gaba. Ta shekara huɗu a hannuna, ram 3 ce. Na tara kamar dubu 200, ina son wadda za ta ɗauki Clash da Call of Duty Mobile ba tare da ta riƙa ƙona mani hannu ba. Me ya kamata in duba, sabuwa ko ta hannu? Na gode.

Baƙin Doki TH16

Wa'alaikassalam. Malam cire shi kawai. Ka cire ɗan Funtua a kan biyu, wannan uku ya yi, lissafin me kuma ake jira? Ni ƙungiya uku na bari duk a kan irin wannan, lida na kare nashi, mu da ke saka data da kuɗinmu muna tashi da asuba mu duba gidan abokin gaba mu tsara hari, wani kuma ya kwanta barci a raba medal, wato ladan lig, da shi. In ba ka iya cire shi to ka karɓi akawun ɗinshi ka riƙa kai mashi harin da kanka, haka wasu ke yi, magana ta ƙare.

Tsohon Lida (Layout)

Ƙanina sannu da ƙoƙari. Na fara gem ɗin nan a 2014, shekarar da aka kawo yaƙin ƙungiya, lokacin gem ɗin ma bai fi shekara biyu da fitowa ba, kuma na riƙe ƙungiya shekara shida kafin in sauka, don haka abin da kake ji na san shi.

Kafin maganar taubashinka bari in tambaye ka, dokar da ka cire ɗan Funtua da ita, a rubuce take? Kowa ya gan ta kafin a fara? Don yadda ka ba da labarin kamar ranar rai ne ya ɓaci aka cire shi. In haka ne kuskuren farko ba na taubashinka ba ne, a can aka yi shi, kuma in ka cire mutum na biyu don ka rufe bakin mutane ka maimaita kuskuren ne kawai, gobe na uku zai zo.

Zan ba ka labarin abin da ya sauya mani tunani. A watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, muna da mutum tara a Jibiya da Dutsinma da Malumfashi da Funtua, dare ɗaya suka ɓace, ana tsakar yaƙi. Wani ko-lida ɗina da ke zaune Legas bai san abin da ake ciki ba ya bi su ya cire shida kafin gari ya waye, wai ba su kai hari ba. Sai wajen Disamba layin ya dawo. Uku sun dawo mana, ukun har yau ban sake jin ɗuriyarsu ba, ɗaya ma shi ne ya fi kowa ba da sojoji a ƙungiyar. Tun daga nan na gane dokokin da muke kwafowa daga ƙungiyoyin Turai da Indiya, wai ka bar hari ɗaya a kore ka, an yi su ne don mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa. Mu nan mutum na iya kwana biyu ba caji, ko datarshi ta ƙare ranar da aljihu ba komai, ga kuɗin data ya tashi tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Dole dokarka ta iya bambance wanda ya kasa da wanda bai damu ba.

Abin da muka koma yi shi ne, laifi ba rashin kai hari ba ne, laifi rashin sanarwa ne. Gem ɗin da kanshi ya ba kowa maɓallin nuna ko yana cikin yaƙi ko baya ciki, kore da ja. In ka san za ka yi tafiya, ko jarrabawa, ko ba wuta, ka mai da shi ja, ba mai tambayarka dalili. In ka bar shi kore aka sa ka ba ka kai ba kuma ba ka aiko ko da tes ɗaya ba, yaƙi biyu na gaba benci za ka zauna. Ka sake, ba ka cikin lig na wata mai zuwa. Sai na uku ake maganar cirewa, kuma ba ni kaɗai ke yankewa ba, mu huɗu ne da ko-lidoji.

Kuma gaskiya akwai naka laifin a lig ɗin nan. Ai ba dole ba ne mutum 15 ɗin farko su ida kwana bakwai, kana iya rajistar mutane fiye da haka ka riƙa canzawa kullum a lokacin shiri. Da ya bar na farko ya kamata ka fitar da shi ka sa wani, TH13 da zai kawo tauraro biyu ya fi TH15 da zai kawo sifili, balle ma cin yaƙi ɗaya na ƙara tauraro 10 a jimilla. Kai ka bar shi har sau uku don kana kallon ƙarfin gidanshi, ko kuma kunyarshi kake ji, kai ka san wanne ne.

Sai lokacin fara yaƙi, mutane ba su kula da wannan. Shiri awa 23 ne, yaƙi awa 24. In ka danna nema ƙarfe 10 na dare, yaƙin zai buɗe wajen 9 na dare washegari ya rufe wajen 9 na dare jibi, bayan isha kenan, kowa ya dawo daga kasuwa ko makaranta, masu shago sun samu caji. Mu da muna farawa da hantsi yana ƙarewa mutane na wurin aiki, da muka mai da shi dare harin da ake bari ya ragu sosai ba tare da an kori kowa ba. Da azumi kuma sai mu matsa shi bayan tarawi.

Injiniya Mai Gyaran Waya

Ni bari in taɓa ɓangaren wayar tunda nan ne sana'ata, shekara tara ina buɗe waya a kasuwa.

Oga Clash ba gem ba ne mai cin waya, kuma ba ya cin data sosai, in wayarka ta tsaya a kanshi to ba ram kaɗai ba ne. Waya mai shekara huɗu abu na farko da zan zarga batir ne, ya gaji yana zafi, in firosesa ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ne za ka ga hoto na yankewa. Ƙara da zafin garin nan, a Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, mutum kuma ya sa waya cikin kwaba mai kauri ya jona ta a caji yana gem a kan katifa, ina zafin zai bi ya fita? Kullum sai an kawo mani wadda batirinta ya kumbura ya ɗago skirin, in ka tambaya mai gem ne da ke buga wasa tana caji. Kafin ka sayi komai ka duba ko ma'ajiyarta ta cika, in saura ƙasa da giga biyu ka kwashe bidiyoyin WhatsApp, za ka ga bambanci.

Amma tunda ka ce har Call of Duty kake so, to wannan kam ram 3 ba ta isa a ji daɗi. Kada ka bari kwali ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 8 da manyan baƙi, ka duba ƙasa 4+4 ne, huɗun farko ne ram na gaskiya, ɗayan huɗun daga ma'ajiya ake aro kuma ba ya kusa da saurin na asali. Ka nemi 6 ko 8 na gaskiya. Abu na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci sunan firosesa, yawancin masu saye kyamara suke tambaya ba su tambayar wannan. Helio G85 ta 2020 ce, tana ɗaukar gem amma tana ɗumi. Helio G99 ta fito 2022, ƙirar nanomita 6 ce, ta fi sanyi ta fi riƙe caji, ita ce a cikin Infinix Note 30 da Tecno Pova 5, Pova 5 ɗin ma batirinta 6000. Tecno da Infinix da Itel duk kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, shi ya sa kayan gyaransu ba su wahalar samu a nan, in babu a Katsina ana aikowa daga Farm Centre Kano a wuni ɗaya. Redmi Note 13 ta 4G kuma Snapdragon 685 gare ta, ita ma tana yi. Farashi ba zan faɗa ba don kullum sauyawa yake, ka zaga shago uku ko huɗu.

Ta hannu ba laifi in ka san kan abin. Ka sa sim ɗinka ka kira, ka buɗe gem ɗin ka buga minti 15 a gaban mai ita ka ji bayanta, ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta fito da ta kwali, kuma ka karɓi rasit da shaida, don sayen wayar sata ya jefa mutane da yawa cikin abin da ba su ji ba su gani ba.

Kada ka kashe kuɗin duka a waya, ka bar na pawa banki. Mai 20000 a zahiri kamar kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta ke shiga waya, sauran na tafiya a canjin wuta, ya kai ya cika maka ita sau biyu da ɗan ƙari. Kuma ba sai ka bi 5G ba, abin da gem ke so layi ne mai tsayawa wuri ɗaya. Abin da ke yanke hari sau da yawa shi ne waya na tsalle tsakanin 4G da 3G. A Android da yawa in ka danna *#*#4636#*#* za ka iya kulle ta a LTE, wato 4G, kaɗai, amma ka mai da ita in ka gama don wani layin kira ba ya shiga a haka.

'Yar Kusugu

Salam. Ni ko-lida ce a tamu ƙungiyar a nan Daura, ni da maigidana da ƙannena muka fara ta, yanzu akwai baƙi da yawa.

Yaya Baƙin Doki ka yi haƙuri amma shawarar karɓar akawun ɗin nan ba ta yi ba. Dokar Supercell, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta hana raba akawun da sayar da shi, ana iya rufe shi, kuma in aka rufe gidan da mutum ya shekara biyar yana ginawa a hannun ɗan'uwanshi, wannan rigimar ta fi ta cirewa. Kowa ya riƙe Supercell ID ɗinshi da imel ɗinshi, ya kunna kariyar akawun da lambar wayarshi, kada ya ba kowa lambar da ake turowa ko da lida ne.

Yaya mai tambaya, abin da na lura a labarinka duk a guruf ake maganar. Mutum 41 na kallo, an ɗauki hoton sitatus ɗinshi an watsa, wa zai ce na yi kuskure a haka? Ko ƙanina ne sai ya kafe. Ka same shi ku biyu, ba a waya ba, ka tambaye shi tsakani da Allah ko har yanzu yana son gem ɗin. Don wani ya gaji ne, ko ya samu abin da ya sha mashi kai, amma yana jin nauyin ce maka ka daina sa ni tunda kai ne lida kuma ɗan'uwa. Mun yi wata haka, ashe jinyar mahaifiyarta take, ta kasa faɗa, mu kuma muna ta tura mata saƙon saura awa ɗaya. Har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Sannan yaron Funtuan nan yana da haƙƙi a kanka. In kana da lambarshi ka neme shi.

Baƙin Doki TH16

Hajiya na karɓi gyara a kan akawun, ban san har rufewa ake ba. Amma ina nan kan bakana a ɗaya, medal ɗin bonas na lig kada a ba wanda ya bar ko hari ɗaya, ko ɗan uban waye. Tauraro 8 ake so mutum ya tara ya samu cikakken rabonshi, wanda bai kai hari ba gem ɗin ma ya rage mashi, to kada lida ya zo ya cike mashi da bonas.

Tsohon Lida (Layout)

Wannan gaskiya ne, kuma lida ma ya daina sa kanshi a bonas kowane wata, a riƙa zagayawa. Na manta ban faɗa ba ƙanina, ko-lidojin nan biyu kada ka ɗauke su abokan gaba, mutumin da ya tsaya ya yi maka faɗa a kan ƙungiya ya damu da ita ne, wanda bai damu ba fita yake cikin dare ba sallama. Ka raba masu aiki, ɗaya ya riƙe jerin lig, ɗaya ya riƙe harin ƙarshen mako na babban birnin ƙungiya (Clan Capital) da ke farawa Juma'a ya ƙare Litinin, kai ka ji da karɓar sababbi da sulhu. Kuma ka zaɓi wanda ka yarda da shi tun yanzu, don in lida ya yi kwana 90 bai shiga ba gem ɗin da kanshi ke miƙa shugabancin ga wani, gara ya faɗa hannun wanda kuka shirya.

Ɗan Ƙofar Marusa

Allah ya saka da alheri baki ɗaya, na karanta kowanne sau biyu.

Yaya Tsohon Lida ka faɗi gaskiya, dokar ba a rubuce take ba, kuma kunya ce ta sa na bar shi har sau uku, ba ƙarfin gida ba. Jiya bayan magariba na je na same shi kamar yadda Hajiya ta ce. Ashe ya fara koyon aikin haɗa sola wurin wani ogan shi, suna fita ƙauyuka tun safe wani lokacin har Mashi da Mani, ya ce ranar sitatus ɗin a wurin aiki ya jona waya minti kaɗan, ya san in ya buɗe gem a gaban oga ba daɗi. Na ce to me ya hana ka faɗa mani, ya ce gani ya yi kamar zai ba ni kunya gaban mutanena. Da hannunshi ya mai da maɓallin ja, ya ce a bar shi yana ba da sojoji da daddare kawai, kuma shi ya rubuta ban haƙuri a guruf ba ni na sa shi ba.

Mun zauna da ko-lidojin mun rubuta dokar benci biyu, lig, sannan cirewa, mun liƙa ta a bayanin ƙungiya da kan guruf. Ɗaya ya yarda ya zauna, ɗayan ya ce sai ya ga lig na wata mai zuwa tukuna, ban matsa mashi ba. Ɗan Funtua na kira shi sau biyu bai ɗauka ba, na tura mashi saƙo na ce na yi gaggawa a kanshi ya yafe mani, ya karanta bai ba da amsa ba har yanzu.

Injiniya na duba ma'ajiyar, saura mega 600 kacal, na kwashe kusan giga 9 kuma ta ɗan saki. Amma na lura murfin baya ya ɗan ɗago ta gefe ɗaya, halan batirin ne ka ce? In shi ne, in canza shi in ci gaba da lallaɓawa zuwa bayan sallah, ko in sayi sabuwar yanzu?

Injiniya Mai Gyaran Waya

Shi ne oga, ya kumbura. Ka daina cajinta da daddare kusa da inda kake kwana, kada ka danna murfin don ya koma, kuma kada ka buga gem da ita har a cire shi. Gobe ka kai wa mai gyara a sa wani, ba shi da tsada in ka gwada da kuɗin waya, za ta riƙe maka Clash zuwa bayan sallah lafiya lau, lokacin ka ƙara a kan dubu 200 ɗin ka ɗauki mai ram 8 na gaskiya. Tsohon batirin ka bar shi wurin mai gyaran, kada a jefa a shara inda ake ƙonawa.